Allura da zare a ɗinkin fata: Inda asara ke farawa tun kafin a taka keke

Yadi yana da haƙuri. Idan tela ya yi kuskure a jikin shadda, sai ya warware ɗinkin, ya bi wurin da dutsen guga, zaren saƙar ya koma mazauninsa kamar allura ba ta taɓa ratsa shi ba. Fata ba ta san wannan sassauci ba. Duk hudar da allura ta yi mata ta zauna ke nan har ranar da takalmin ko jakar za ta mutu, kuma idan hudar ta yi faɗi, ko ta zo a karkace, ko ta matso kusa da 'yar'uwarta fiye da kima, babu gwanin da zai iya shafe ta.

Wannan ne ya sa zancen lambar allura da lambar zare, wanda mai sauraro zai ɗauka ƙaramar magana ce ta cikin shago, yake da nauyi a harkar fata ta Najeriya. Ƙasar ta daɗe da suna wajen fatar awaki da tumaki, musamman ta jar akuyar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. A yau akwai manyan majemu a Challawa da Sharaɗa a Kano, akwai masu takalma da jakunkuna a Ƙofar Wambai, da kasuwar Ariaria a Aba, da Mushin a Legas, da dukawan Naraguta a kusa da Jos. A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin aiwatar da manufar ƙasa kan fata da kayan fata, kuma babban burin shi ne a riƙa sayar da kayan da aka gama ƙerawa maimakon fitar da fata a matsayin ɗanyen kaya. Sai dai mai saye, ko a Abuja yake ko a ƙetare, idan ya ɗauki jaka, ɗinkinta yake fara bi da ido da yatsa. Fata mai tsada da ɗinki mai tsallake ba ta wuce farashin gwanjo.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin faranti

Yawancin kekunan masana'anta da ake ɗinkin fata da su zare biyu suke amfani da shi, na sama da na ƙasa. Allura takan huda fatar ta sauka da zaren sama. Da ta kai ƙarshen saukarta ta fara ɗagowa, sai zaren ya ɗan yi lanƙwasa a bayan kafarta. A daidai wannan lokaci wata ƙugiya mai tsini da ke juyawa a ƙarƙashin faranti za ta zo ta cafki lanƙwasar, ta zagaya da ita bayan kwarkwaron zaren ƙasa, sannan keke ya ja zaren sama ya ɗaure. Inda zaren biyu suka sarƙe shi ne ƙullin ɗinki, kuma wurin zamansa shi ne tsakiyar kaurin fatar, inda ba a ganinsa ta sama ko ta ƙasa.

Allurar kanta an ƙera ta ne domin wannan aiki. A gefe ɗaya tana da dogon tsagi da zare ke kwanciya a ciki lokacin da take ratsa fata, don kada ya goge. A ɗaya gefen, sama da kafa kaɗan, akwai ɗan kwarmi da ke bai wa tsinin ƙugiya hanyar wucewa. Faɗin tsagin da na kafar suna bin kaurin allurar, kusan kashi 40 cikin 100 nasa. Daga nan duk matsalar take tasowa. Idan zare ya fi ƙarfin allura, ba zai kwanta a tsagi ba. Zai riƙa gogar fata yana tsattsagewa, ya tsinke, ko ƙullin ya kasa shiga cikin hudar ya taru a ƙasa. Idan kuma allura ta fi ƙarfin zare, hudar za ta yi faɗi, zaren ya riƙa yawo a cikinta, lanƙwasar ta ƙi tsayuwa daidai, ƙugiya ta wuce ba ta kama komai ba. Shi ne tsallaken da ake yawan ɗora wa keke laifinsa.

Lambobin da ke tafiya a hanyoyi daban-daban

Lambar allura ita ce mai sauƙin fahimta. A jikin fakiti akan ga lambobi biyu, kamar 110/18 ko 140/22. Ta farko awo ce ta zahiri: kaurin jikin allurar ne idan aka raba milimita gida 100. Allura mai lamba 110 kaurinta milimita 1.1 ne, mai lamba 200 kuwa milimita 2 cif. An fito da wannan tsari a Jamus a shekarar 1942 domin maye gurbin tsare-tsare kusan 40 da kamfanoni ke amfani da su a lokacin. Lamba ta biyu tsohon lissafin kamfanin Singer ne, wanda bai mutu ba har yau, kuma shi ne ya fi zama a bakin teloli. A dukkan biyun, girman lamba girman allura ne.

Zare ne mai rikitarwa, domin aƙalla lissafi huɗu ke yawo a kasuwa, kuma ba duka suke fuskantar alƙibla ɗaya ba. Akwai na Tex, wanda ke nufin nauyin zare mai tsawon mita 1,000 a ma'aunin giram. Tex 70 na nufin mita 1,000 na zaren sun kai giram 70. Akwai lissafin kasuwancin Amurka mai lambobi irin su 69 da 92 da 138, wanda yake kusa da na Tex ƙwarai. A waɗannan biyun, ƙaruwar lamba ƙaruwar kauri ce. Amma lambar tikiti da kamfanonin Turai ke bugawa a baibai take tafiya: zare mai lamba 40 ya fi mai lamba 20 sirantaka. Baduku da ya saba da zaren Turai, ya aika yaro ya sayo masa "mai babbar lamba" daga shagon da ke sayar da na lissafin Amurka, abin da za a kawo masa kishiyar abin da yake nufi ne.

Na huɗu shi ne wanda ake yawan gani a zaren da ke shigowa daga ƙasar Sin, irin su 210D/3 ko 420D/3. Harafin D na nufin nauyin mita 9,000, lambar ƙarshe kuma yawan silin da aka murɗe wuri ɗaya. Lissafinsa ba shi da wuya: a ninka lambobin biyu, a raba da 9. Zaren 210D/3 ya zama 630, a raba da 9, ya ba da Tex 70. Da wannan ɗan lissafi mutum zai gane cewa 210D/3 da Tex 70 da lamba 69 da tikiti 40 duk kauri ɗaya ne da ya sha sunaye huɗu. Haka 420D/3 yake daidai da lamba 138 ko tikiti 20, 630D/3 ya yi daidai da 207, shi kuma 840D/3 ya yi daidai da 277 ko tikiti 10.

Da zarar an san kaurin zare, zaɓen allura ya zo da sauƙi. Zare mai lamba 69, wanda ake ɗinka saman takalmi da walat da jakar fatar akuya da shi, yana tafiya da allura 100/16 ko 110/18. Mai lamba 92 yana son 120/19 ko 125/20. Mai lamba 138, na manyan jakunkuna da kujerun mota da bel, yana buƙatar 140/22 ko 160/23. Daga nan sai 207 da allura 180/24, da 277 da allura 200/25, waɗanda aikinsu sirdi ne da linzami da maɗaurin kaya da makamantansu na ƙirgi mai kauri. Inda aka ba da allura biyu, fata mai taushi takan karɓi ƙaramar, mai tauri kuma ta nemi babbar, saboda fata mai tauri tana matse huda ta hana ƙulli hawowa.

Ga wanda zarensa ya rabu da takardarsa, kamar yadda yake faruwa da yawancin zaren da ake saya a warware, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A yanki zare kamar rabin mita, a zura shi a kafar allurar da ba a ɗaura a keke ba, a riƙe bakin biyu a miƙe, sannan a ɗaga hannu ɗaya zaren ya karkata. Idan allurar ta zame a hankali da nauyin kanta, sun dace. Idan ta maƙale, ta yi ƙanƙanta. Idan ta faɗo kamar ba a zura mata komai ba, mai yiwuwa ta yi yawa, sai a gwada ta ƙasa da ita.

Amma tun kafin allura da zare, fatar ce ke da magana ta farko, kuma nan ne masu sha'awar ɗinki mai kauri suke yawan faɗawa. Zare mai kauri yana ƙawata jaka, babu musu. Sai dai ƙullinsa yana buƙatar wurin ɓuya. Zaren 138 yana son kaurin fatun da aka haɗa ya kai kamar milimita 3, na 277 kuma kamar milimita 6. Fatar akuya biyu da ba su kai milimita 2 a haɗe ba ba za su iya haɗiye ƙullin 138 ba, ko da an kwana ana murɗa maɗaurin zare. Dabarar da ƙwararru ke yi idan suna son ado a sama ita ce su sa zaren ƙasa ya gaza na sama da mataki ɗaya, misali 138 a sama, 92 a kwarkwaro, ƙullin ya ragu. Tsarin dai shi ne: kaurin fata ya zaɓi zare, zare ya zaɓi allura.

Nisan ɗinki ma yana bin wannan layi. Babbar allura da gajeren ɗinki suna mayar da fata kamar takardar rasit mai huji a jere, wadda aka yi don a yage. Saman takalmi na iya ɗaukar ɗinki mai nisan milimita 2 zuwa 3 da siririyar allura; aikin zaren 138 ya fi lafiya daga milimita 4 zuwa sama.

Tsini da tsawo

Allurar yadi tsininta zagayayye ne, tana ture zaren saƙa gefe ta wuce. Allurar fata yanka take yi, kamar yadda basillar baduku take yi tun kafin zuwan keke, kuma siffar yankan ce ke tsara yadda ɗinki zai kwanta. Mai alamar LR tana yanka a karkace, ɗinkinta ya fito da ɗan jirkice irin na hannu, shi ya sa masu jaka da takalmi suka fi son ta. Mai alamar S tana yanka ne a kan layin ɗinki, zaren ya nutse ya miƙe sambal, amma ba ta son gajeren ɗinki domin yankan na iya haɗewa da juna. Mai alamar P tana yanka a gicciye, don haka tana jure ɗinki matsattse. Akwai kuma mai baki uku, alamar D, ta busasshen ƙirgi mai tauri.

Akwai wurin da allurar yanka take ɓarna. Kaya da yawa da ake kira na fata a kasuwa leda ce, wato roba da aka shimfiɗa a kan yadi. Idan aka sa mata allura mai yanka, za ta datse zaren yadin da ke riƙe da robar, ɗinkin ya zama layin da jakar za ta fara yagewa. Leda da tamfol da igiyar nailan da ake yi wa jaka hannu duk allura mai zagayayyen tsini, mai alamar R, suke so. Shagon da ke haɗa aikin fata da na leda yana buƙatar fakiti biyu.

Sannan akwai lamba ta uku a jikin fakiti da mutane da yawa ba sa dubawa, alhali ita ce ke faɗin ko allurar ta wannan keken ce. Ita ce ke nuna tsawon allura da kaurin gindinta. Kekuna masu ƙafa mai tafiya irin su Juki DNU-1541 da tsohuwar Singer 111W155 suna amfani da 135x17, ko 'yar'uwarta mai tsinin fata 135x16. Pfaff 1245 da Dürkopp Adler 267 kuwa 134-35 suke ɗauka. Manyan kekunan ƙirgi irin su Juki TSC-441 suna amfani da 794, ita kuma Singer 29K, mai dogon hannu da masu gyaran takalmi ke ji da ita, tana ɗaukar 29x3 ko 29x4. Bambancin tsawo tsakanin 135x17 da 134-35 bai kai milimita ɗaya ba. Ido ba zai raba su ba, kuma kowacce za ta shiga mazaunin ɗayar. Ƙugiya ce kawai za ta san an yi musanya, domin kafar allurar ba za ta iso inda take jira a kan lokaci ba. Sau da yawa akan kira makaniki ya kwance saitin keke lafiyayye saboda wannan, ya daidaita shi da allurar da ba tasa ba, ranar da aka sayo ta ainihi kuma matsalar ta dawo sabuwa.

Gindin allurar masana'anta zagayayye ne, ba shi da shafaffen gefe irin na keken gida, don haka tana iya zama a juye. Dole a tura ta har ƙarshe, ɗan kwarmin ya fuskanci ƙugiya, kafin a ɗaure.

Kowane keke kuma yana da iyakarsa. Keken ɗinkin kaya irin Juki DDL-8700, wanda ke iya ɗinki 5,500 a minti ɗaya, an yi shi ne don riga da wando. Zai iya lallaɓa siririyar fata da zaren 69, amma haƙoransa na ƙasa kaɗai ke jan kaya, ƙugiyarsa kuma ba ta da sararin zare mai kauri. Tilasta masa bel ko ƙirgi, kamar yadda ƙarancin jari ke sa wasu yi, yana ƙarewa ne da karyewar allura da lalacewar ƙugiya. Keken fata na ainihi a hankali yake tafiya: DNU-1541 ba ya wuce 2,500, TSC-441 kuwa 800 ne iyakarsa.

Mai, ƙura da zafi

Gudu yana da alaƙa da zafi. Allurar da ke ratsa fata mai tauri da sauri tana iya yin zafin da zai narkar da zaren nailan ko foliyesta, waɗanda ke narkewa a wajen digiri 250 zuwa 260 a ma'aunin Salshiyos. Alamarsa ita ce zare ya tsinke a bar bakinsa da ɗan dunƙule mai tauri, sau da yawa a daidai lokacin da aka tsaya bayan dogon ɗinki. Maganinsa rage gudu ne. Tsohon injin kuloci, wanda ke juyawa sau 1,425 ko 2,850 a minti a wutar Najeriya, yana da wuyar lallashi. Ana iya sa masa ƙaramin gargare don ya rage gudu, ko a sauya shi da injin zamani da ake saita gudunsa, wanda ba ya jan wuta sosai sai an taka. Ga shagon da ke rayuwa a kan janareta ko sola, wannan bambanci yana fitowa a kuɗin mai. Gam ma yana da nasa laifin: idan aka ɗinka fata kafin ya bushe, yakan naɗe allura ya toshe tsagi da kafa, zare ya fara tsallake.

Allura kayan ƙarewa ce. Ƙa'idar masana'antu ita ce a sauya ta bayan kimanin awa 8 na aiki, ko nan take idan ta bugi ƙarfe. Wadda ta dakushe takan sauya sautin keke, a riƙa jin bugu maimakon huda. Ana gane mai lanƙwasa ta hanyar mirgina ta a kan gilashi, mai ƙaiƙayi a tsini kuma ta hanyar goga ta a farce. Araha ba ta ado a nan: fakitin allura na Groz-Beckert ko Schmetz ko Organ, in dai na ainihi ne, bai kai kuɗin fatar jaka ɗaya ba, balle kuɗin ƙugiya.

Yawancin kekunan fata masu ƙafa mai tafiya ba su da tafkin mai irin na kekunan kaya. Da hannu ake ɗiga musu, a ramukan da galibi aka yi wa alama da jan fenti, da gaɓoɓin ƙafa, da sandar allura. Ƙugiya ta fi kowa buƙata, ɗigo ɗaya ko biyu a hanyar da take juyawa kowace safiya, a ƙara idan aikin ya yi tsawo. Farin man keke ne kaɗai ya dace. Baƙin man mota yana da kauri kuma yana ɓata kaya, man gyaɗa kuwa yakan daskare ya zama danƙo ya riƙe keken. Bayan an sa mai, a fara ɗinki a kan guntun fata, domin tabon mai a jikin fatar da aka jeme da bagaruwa ba ya fita.

Yanayi ma yana raba aikin. A Kano da Zariya da Sakkwato, ƙurar hunturu tana haɗuwa da mai da garin fata ta zama kamar dutsen wasa a cikin keke, don haka buroshi da mayafin rufe keke sun zama tilas. A Aba da Legas abokin gaba laima ce, wadda ke sa tsatsa a ƙugiya da faifan da ke matse zare idan keke ya kwana biyu ba a taɓa shi ba. A ko'ina, ya kamata a riƙa cire farantin allura ana share ƙasansa, a duba ramin farantin da tsinin ƙugiya ko allura ta yi musu zazzaɓe, domin ƙaramin ƙarce a nan ya isa ya riƙa tsinka zare duk yini.

Idan ɗinki ya lalace, akwai jerin da ke ceton kuɗi. A sa sabuwar allura ta tsarin da ya dace, a sake zura zare daga farko, a share ƙoshiya, sannan a dubi ƙulli: idan yana leƙowa ta ƙasa, zaren sama ya yi sako-sako ko allurar ta yi ƙanƙanta, idan yana fitowa ta sama, an matse na sama da yawa. Kekuna da dama suna da makarin da ke sakin ƙugiya idan zare ya cushe, don kada wani abu ya karye. Sai a cire zaren, a danna maɓallinsa, a juya gargaren hannu har ya koma mazauninsa. Sai duk waɗannan sun gaza ake zuwa ga saitin ƙugiya, wanda aikin makaniki ne ko wanda ya samu horo a wuri irin Cibiyar Kimiyya da Fasahar Fata ta Najeriya da ke Samaru, Zariya. Tazarar da ake nema tsakanin tsinin ƙugiya da kwarmin allura ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kusan kaurin takarda, kuma takan bukaci a sake duba ta duk lokacin da aka yi babban tsalle a girman allura, kamar daga 110 zuwa 160.